Ciwon ƙafar masu kitso da aski: Abin da takun farko na asuba ke gaya miki

A wannan makon za mu shiga shagon gyaran gashi ne, salun na mata da shagon aski na maza, amma idonmu a ƙasa zai kasance, wajen ƙafar mai aikin. Duk wanda ke zaune a Agege ko Idi-Araba a Legas, ko Sabo a Ibadan, ko Mararaba da Nyanya a bakin Abuja, ya san gidaje nawa wannan sana'a ke ciyarwa. Da kuɗin kitso ake biyan haya, da kuɗin aski ake biyan na makaranta. Mai zuwa gyara tana zaune a kujera mai laushi tana danna waya, mai gyaran kuwa tana tsaye tun hantsi, wani lokacin har a kashe janareta. Ƙananan kitso na mutum ɗaya kan ci awa shida ko fiye. Don sauƙin magana zan riƙa cewa "ke", amma kai ma mai riƙe da kilifa da kai nake.

Ga tambayar da zan fara yi miki. Idan kin farka da asuba kin sauke ƙafa daga gado, yaya takun farko yake? Idan kina jin kamar kin taka ƙusa da diddige, kina ɗingishi zuwa banɗaki kina dafa bango, sannan bayan minti biyar ko goma zafin ya lafa har ki manta da shi, to wannan shafi naki ne. Lafawar nan ita ke yaudarar mutane. Sai a ce ai gajiya ce, ko sanyi ne ya shiga ƙashi, a shafa man zafi a tafi shago. Da rana idan kin ɗan zauna cin abinci kin miƙe, zafin ya dawo. Da dare kuma ƙafar ta yi ta zugi. Haka ake tafiya wata da watanni, har ranar da za a ce wa kwastoma ta yi haƙuri ta dawo gobe.

Iyayenmu da suka yi wannan sana'a ba su san wannan ciwo sosai ba, domin a zaune suke aikinsu. Makitsiya tana kan kujera 'yar tsugunno, wadda ake yi wa kitson tana kan tabarma a gabanta. Wanzami ma a zaune yake aski. Kukansu na baya ne da wuya. Salun na zamani ne ya ɗora kwastoma a kan doguwar kujera gaban madubi, ya tsayar da mai aiki a kan tayil. Su kuwa likitoci sun daɗe da sanin illar tsayuwa. Wani likita ɗan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini, a littafinsa na cututtukan masu sana'o'i da ya fara fitowa a 1700, ya yi bayanin masu aiki a tsaye: jijiyoyin ƙafarsu kan kumbura su fito ruɗu-ruɗu, kuma tsayuwa wuri ɗaya ta fi tafiya gajiyar da mutum.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Zuciya tana tura jini zuwa ƙafa cikin sauƙi, tunda gangara ce. Dawowarsa ce hawan tudu, kuma tsokar sharaɓa ce ke wannan aiki. Duk takun da kika yi, tsokar tana matse jijiyoyin da ke cikinta ta tura jinin sama, wasu 'yan ƙofofi a cikin jijiyoyin su hana shi komowa. Idan kin tsaya cik a bayan kujera kina kama gashi, famfon nan ya daina aiki. Jini ya taru a ƙasa, idon sawu ya kumbura, takalmin da ya shige ki da safe ya matse ki da yamma. Shi ya sa mai talla da ke yawo wuni guda kan koma gida da sauran ƙarfi a ƙafa fiye da ke da ba ki bar faɗin tabarma ɗaya ba.

Yanzu mu zo kan diddigen. Kowace ƙafa tana da ƙashi 26, kuma an jera su ne kamar baka, shi ya sa tsakiyar tafin ƙafa ke da ɗan rami. Baka kuwa sai da tsirkiya. A tafin ƙafarki akwai wani faffaɗan zare mai tauri da ya taso daga ƙashin diddige ya tafi har gindin yatsu, shi ke riƙe bakan kada ya baje idan nauyinki ya sauka a kai. Mu kira shi tsirkiyar tafin ƙafa. Idan aka yi ta ɗora mata nauyi awa goma a kullum a kan ƙasa mai tauri, sai ta fara tsattsagewa kaɗan-kaɗan daidai inda ta manne da ƙashin diddige. Da dare kina barci ƙafa ta saki, tsirkiyar ta ɗan takure, jiki ya fara ɗinke wurin. Takun farko na asuba sai ya fizge ɗinkin. Wannan shi ne ƙusar da kike ji. A asibiti za ki ji ana ce masa filanta fashiyaitis.

Ciwo ne da ya zama ruwan dare, ana ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin goma zai gamu da shi a rayuwarsa, galibi tsakanin shekara 40 zuwa 60, kodayake mai tsayuwa ba ta jiran wannan shekarun. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya gano abubuwa uku da suka fi tafiya da shi: sharaɓar da ta ɗaure har ƙafa ba ta lanƙwasuwa sama sosai, da ƙiba, da aikin da ake wuni a tsaye. Ki lura kuma da lokacin da ya fara miki. Sau da yawa bayan wani gagarumin aiki ne, kamar makon jajiberin sallah, ko Disamba da bukukuwanta, ko gyaran amarya da ƙawayenta, lokacin da awa takwas ta koma sha biyar ba shiri.

Akwai abin da ke tayar wa mutane hankali a nan. A je a ɗauki hoton ƙashi, a ga wani ɗan tsini kamar ƙaya a ƙarƙashin diddige, a dawo gida ana cewa ƙashi ya tsiro sai an yi aiki. Ki kwantar da hankalinki. Mutane da yawa suna da wannan tsini kuma ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma suna fama da ciwon babu tsinin. Ba shi ke sukarki ba, kuma da wuya a ce sai an cire shi. Kusan takwas zuwa tara cikin goma na masu ciwon tsirkiya suna warkewa cikin shekara ɗaya ba tare da wuƙar likita ta taɓa su ba. Sharaɗin dai shi ne a rage wa tsirkiyar wahala, kuma a yi haƙuri, don watanni take ɗauka.

Daga takalmi za a fara, kuma a nan zan daɗe, don a nan ne aka fi cutar kai. Ki shiga salun goma ki kalli ƙasa, silifas za ki gani, irin na wanka, wanda ya siɗe har ya ɗauki siffar diddigen mai shi. Na san dalili: ga zafi, ga ruwan wankin kai, ga sauƙin cirewa. Amma silifas ba ya tare komai tsakaninki da siminti, ba ya tallafar ramin ƙafa, kuma sai yatsunki sun yi ta ƙanƙame shi kada ya fita, wuni guda suna aikin da ba nasu ba. Takalmi mai tsini kuma, da wasu ke sawa don shago ya ga kwalliya, yana kwashe nauyi ya jibge a gaban ƙafa. Daga nan ake samun zafi a gindin yatsu kamar an taka tsakuwa, da kanta, da raɗaɗin da ke harbawa tsakanin yatsa na uku da na huɗu idan takalmin ya matse jijiyar wurin.

Ba sai mai tsada ba. Idan kin je kasuwa, ko da wajen 'yan gwanjo ne, ki ɗauki takalmin ki gwada shi da hannu kafin ƙafa. Ki lanƙwasa shi: a wajen yatsu kawai ya kamata ya lanƙwasu, idan ya naɗe biyu daga tsakiya ki ajiye. Ki murɗa shi kamar za ki matse wanki: idan ya murɗu ba gardama, ba zai riƙe ki ba. Ki danna bayansa inda diddige ke zama, ki ji da ɗan tauri. Ƙasansa ya zama da kauri da ɗan laushi, bayan ya ɗara gaban tudu da kamar santimita 2 zuwa 3, don wannan ɗan tudun yana sassauta wa agara da tsirkiya. Gaban ya zama da faɗi, da sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin doguwar yatsarki da bakin takalmin. Da yamma za ki je sayen, lokacin da ƙafa ta kumbura, in ba haka ba wanda ya yi miki daidai da safe zai zame miki kurkuku da la'asar. Na gwanjo kuma ki kifa shi ki duba: idan gefe ɗaya ya cinye, tafiyar wani ce a jikinsa, ki bar masa kayansa.

Kambas mai raga-raga da iska ke shiga shi ya fi dacewa, da safar auduga. Idan zafin Legas ya hana, a nemi sandal mai kaurin ƙasa, mai ɗan tudu a ramin ƙafa, mai maɗauri a baya. Idan da hali a samu biyu a riƙa musanyawa, ɗaya ya sha iska. A kemis ana sayar da wani ɗan soso ko roba mai laushi da ake sakawa ƙarƙashin diddige, yana taimaka wa mutane da yawa, a sa a ƙafa biyun ko da ɗaya ce ke ciwo. Kuma idan ciwon ya riga ya kama ki, a gida ma kada ki taka tayil ba takalmi. Ki ajiye shi a bakin gado.

Kai mai aski, kana da wani ƙarin dalilin rufe ƙafa. Guntun gashin da kilifa ta yanke yana da tsini kamar sartse, kuma yana iya huda fata ya shige tafin ƙafa ko tsakanin yatsu. Sai ka ji wuri ɗaya na suka idan ka taka, ka duba ba ka ga komai ba sai wani ɗan baƙin ɗigo. Idan bakinsa na waje, a wanke wurin da sabulu a zare shi da hantsaki mai tsabta. Idan ya nutse ko ya fara ruwa, asibiti za a je, kada a sa reza a yi ta tono. A salun na mata kuma man sassauta gashi yana ɗiga, kuma abin da ke iya ƙona fatar kai zai ƙona ta ƙafa.

Sai ƙasan da kike tsayawa. Tayil yana da kyan gani da sauƙin shara, amma ba ya da tausayi. Tabarmar roba mai kauri, irin wadda ake shimfiɗawa a wuraren motsa jiki, idan aka yanka aka sa a bayan kujerar aiki, tana rage gajiya sosai. Kada ta yi laushi kamar katifa, kuma a tabbatar ba ta zamewa a jiƙaƙƙen tayil, bakinta kuma ba zai harɗe mutum ba. Ki samu ɗan bulo ko ɗan akwati mai tsayin kamar tafin hannu ki ajiye a gindin kujera, ki riƙa ɗora ƙafa ɗaya a kai, bayan ɗan lokaci ki sauya. Bayanki ma zai gode miki. Kujerar kwastoma idan mai hawa da sauka ce, ki daidaita ta da tsayinki, ki daina ɗage ko sunkuyo don kunyar ce wa mutum ya gyara zama.

Duk da haka babu tabarmar da ta kai motsi. Kowane rabin awa ki yi wani abu da ƙafar: ki ɗaga diddige ki tsaya kan yatsu sau goma, ki zagaya kujera maimakon miƙa hannu, ki je ki ɗauko abin da da za ki aiki yarinya. Kwastoma ba za ta ma lura ba. Kuma aiki nawa ne a salun da ba ya bukatar tsayuwa? Ƙarasa jelar kitso, tsifa, gyaran farce, ƙunshi, duk ana iya yinsu a zaune a kan doguwar kujera marar jingina, musamman mai tayoyi. Lokacin sallah ma hutu ne ga ƙafa, kuma lanƙwasa yatsu a sujada yana miƙar da tsirkiyar nan. Sai dai bayan alwala a goge tsakanin yatsu ya bushe kafin a mayar da safa, don danshi a rufaffen takalmi shi ke kawo cin ruwa.

A nan ina da magana da masu shago, Hajiya da Oga. A wurare da yawa ana ɗaukar zaman ma'aikaci a matsayin lalaci ko raini, musamman 'yan koyo, waɗanda su ne ke wankin kai, su ne shara, su ne riƙe gashi, su ne na ƙarshen tashi. A ganina wannan asara ce ake yi wa kai. Yarinyar da ƙafarta ke zugi hannunta ba ya sauri, kitsonta ba ya kyau, kuma ita ce za ta wayi gari ta ce ta daina. Tun 1964 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa a yarjejeniyarta ta 120, wadda ta shafi shaguna da ofisoshi, cewa a tanadar wa ma'aikata kujeru kuma a ba su damar zama a kai. A jihar Kerala ta Indiya sai da mata masu aiki a shagunan tufafi suka yi shekaru suna fafutuka kafin a 2018 a mayar da damar zama doka. Ke ba ki bukatar jiran doka. Kujera biyu da tabarmar roba ba su kai kuɗin madubi ɗaya na ado ba. Iyaye kuma, idan za ku kai yaro ko yarinya koyon sana'ar nan, ku haɗa da takalmin kirki a cikin kayan da za ku saya, ku kuma tambayi mai shagon ko ana barin yara su zauna.

Ga wadda ciwon ya riga ya kama, akwai motsa ƙafa iri uku da suka fi kowace ƙwaya amfani. Na farko a bakin gado ake yinsa, kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. Ki ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗayar, ki kama yatsun duka ki ja su baya wajen ƙwauri har ki ji tafin ƙafar ya ɗaure. Idan kin shafa da ɗaya hannun za ki ji tsirkiyar ta miƙe kamar igiya. Ki ƙirga goma ki saki, ki maimaita sau goma. Sau uku a rana ake so, kuma ki yi ko kaɗan ne duk lokacin da za ki miƙe bayan dogon zama.

Na biyu na sharaɓa ne. Ki dafa bango da hannu biyu, ƙafar mai ciwo a baya, diddigenta a ƙasa, gwiwarta a miƙe, ki karkata gaba har ki ji ja a sharaɓa. Ki riƙe daƙiƙa 30, sau uku, sannan ki sake da gwiwar a ɗan lanƙwashe. Na uku na ƙarfafawa ne, kuma sai zafin farko ya ɗan lafa. Ki naɗe ƙaramin tawul ki sa a bakin matakala, ki ɗora yatsunki a kan tawul ɗin, diddige yana lilo a waje, kina riƙe da bango. Ki ɗaga a hankali cikin ƙirga uku, ki tsaya ƙirga biyu, ki sauko cikin ƙirga uku. Ki fara da ƙafa biyu, daga baya ɗaya, kamar sau goma sha biyu, a huta a sake har zagaye uku. Yau a yi, gobe a huta. Wani bincike a ƙasar Denmak ya nuna masu yin wannan sun fi saurin samun sauƙi a wata uku na farko, kodayake bayan shekara duka sun yi daidai da masu miƙarwa kawai.

Idan kin koma gida da dare, kafin ki shiga kicin ki ba ƙafar minti 15. Ki kwanta ki ɗora ta a kan matasai ko jikin bango, ta fi ƙirjinki tudu, jinin da ya taru ya gangara. Gorar ruwa da ta yi ƙanƙara, a naɗe ta da ƙyalle a riƙa mirgina ta da tafin ƙafa na minti goma, tana kwantar da zugi. Ruwan ɗumi da gishiri da aka saba yana sanyaya rai, ba laifi, amma ba ya ɗinke komai. Mai kumburi da fitowar jijiyoyi za ta amfana da safar matsi da ake sayarwa a manyan kemis. Da safe ake sa ta kafin ƙafa ta kumbura, kuma mai ciwon suga ko wadda jini ba ya isa ƙafarta sosai kada ta sa sai likita ya duba. Maigida, idan matarka ce mai sana'ar nan, minti 15 ɗin nan kai za ka tsare mata shi daga yara.

Batun magani kuwa, abin da ke faruwa a shagunanmu yana ba ni tsoro. A aiki yaro kemis ya karɓo haɗi, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙullin leda, ba suna ba adadi, a kora da lemo a ci gaba da aiki. A irin wannan haɗi ake samun diklofenak da ibufurofen da firoksikam a tare, alhali dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ninka illa. Shan su kullum na tsawon watanni yana kawo gyambon ciki, yana tayar da hawan jini, yana lalata ƙoda. Wani haɗin har da deksametason, mai kumbura fuska da tayar da suga. Tiramadol kuwa, da wasu samari ke sha don su jure tsayuwa, ba ya warkar da diddige, jaraba yake bari. Idan zafi ya matsa, farasitamol ya isa a fara da shi, kuma babba kada ya wuce giram 4 a kwana ɗaya. Sauran na 'yan kwanaki ne, iri ɗaya tak, bayan cin abinci, da shawarar likita ko ƙwararren mai haɗa magani. Mai juna biyu, da mai olsa, da mai ciwon ƙoda, su nisance su. Akwai kuma allurar sitiroyid da ake yi a diddige. Tana kawo sauƙi na 'yan makonni, amma yawan yinta na iya tsinka tsirkiyar ko ya narkar da kitsen da ke ƙarƙashin diddige, wanda shi ne matashin da aka halicce ki da shi. Likitan ƙashi ne kaɗai zai yanke wannan hukunci, ba a yinta a bayan kanta.

Ba kowane ciwon ƙafa ne na tsayuwa ba, kuma nan ne nake so ki buɗe kunne. Idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura rana tsaka, sharaɓa ta yi zafi da tauri, wannan na iya zama gudan jini a jijiya, musamman ga mai ciki, da mai jego, da mai shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa. Kada a matsa, kada a ja, a tafi asibiti a ranar. Idan ya haɗu da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ko minti ɗaya kada a ƙara. Idan tafin ƙafa biyun na raɗaɗi kamar barkono da dare, ko kina jin kamar tafiyar kiyashi, ko silifas ya fita ba ki sani ba, a gwada suga. Mai ciwon suga kuma kada ta tsoma ƙafa a ruwan zafi, kada ta yanke kanta ko kaushi da reza, ta riƙa duba tafin ƙafarta kullum ko da da madubin shago ne, don ƙaramin rauni da ba ta ji ba shi ke girma ya kai ga yanke ƙafa. Gyambo kusa da idon sawu da ya ƙi warkewa, musamman ga mai sikila ko mai fitattun jijiyoyi, na asibiti ne. Kumburin ƙafa biyu da bai saɓe da safe ba, ko ya hau har fuska, yana iya zama zuciya ko ƙoda, ga mai ciki kuma hawan jini. Haka nan diddigen da ke zafi idan an matse shi ta gefe biyu, ko wanda ba ya takuwa sam, ko ya yi ja da zazzaɓi.

Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, ki ba gyaran takalmi da motsa ƙafa mako shida zuwa takwas, kina yi ba fashi. Idan babu wani sauyi, ki nemi sashen fisiyo, wanda muka fi sani da sashen gashin ƙashi, ba irin gashin da kike kitsawa ba. Akwai shi a manyan asibitocin gwamnati da na koyarwa, da asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Igbobi a Legas, da Inugu, da Dala a Kano. Can za a duba tafiyarki, a koya miki ɗaure tafin ƙafa da filasta don ranakun aiki mai yawa, a ba wasu abin sawa da dare mai hana tsirkiyar takurewa. Ki tafi da takalmin da kike aiki da shi a leda, don yadda ya cinye yana gaya wa mai dubawa abubuwa da yawa. Ki kuma faɗi gaskiyar awa nawa kike tsayawa da sunan duk ƙwayar da kike sha, har da ta ƙullin leda.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hannun masu wannan sana'a, da abin da man gashi da rini ke yi wa fata.